Shin Kai Matsalar Gida Gaban Bare Tonon Asiri Ne?

A wannan fitowa muna so mu duba wata tambaya da kusan kowane gidan zango ke fama da ita, ko da yake ba kasafai ake furta ta ba. Mun tashi mun tarar iyayenmu suna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato abin da ya faru a ɗaka a bar shi a ɗaka. To amma idan uba da ɗa suka shekara ba sa ga maciji, ko miji da mata suka koma aiken yara a tsakaninsu alhali ɗakinsu ɗaya, shin shirun nan rufin asiri ne ko kuwa kashe kai ne a hankali? Kuma wanda ya ɗauki maganar ya kai gaban wani masani bare, ya ci amanar gidansu ke nan?

Za mu nemi amsar ne daga abin da ya faru a biranen Faris da Liyon na ƙasar Faransa, domin halin baƙin can ya yi kama da namu. A shekarar 1974 Faransa ta dakatar da ɗaukar leburori daga waje, sannan a 1976 ta ba waɗanda ke ciki damar kawo matansu da 'ya'yansu. Mutanen Aljeriya da Maroko da Mali da Sanagal suka cika unguwannin bayan gari, irin su Montreuil da Bobigny a gefen Faris, da Vénissieux da Vaulx-en-Velin a gefen Liyon. Nan aka haifi yara masu tunani da Faransanci, iyayensu kuwa suna yi musu faɗa da Larabci ko Bambara ko Soninke. A ƙauye idan rigima ta tashi akwai kawu da gwaggo da kaka masu shiga tsakani. A bene hawa na goma babu ko ɗaya daga cikinsu. Ga kuma doka ta bambanta: a 1993 aka hana mai mata fiye da ɗaya kawo ta biyu ta hanyar haɗa iyali, a 2019 kuma aka rubuta a dokar ƙasa cewa ikon iyaye a kan yara ba ya haɗawa da duka. Uban da ya san bulala kaɗai sai ya ga an ɗaure masa hannu, ɗa kuma ya ga uba bai san duniyar da yake ciki ba.

A Bobigny akwai asibitin da aka buɗe a 1935 domin Musulmin Afirka ta Arewa, wanda a 1978 aka raɗa masa sunan Avicenne, wato yadda Turawa ke kiran Ibn Sina. A nan ne a 1979 wani masanin halayyar ɗan Adam, Tobie Nathan, haifaffen Alƙahira, ya fara wani irin zama da iyalan baƙi, daga baya a 1993 ya kafa Cibiyar Georges Devereux a Jami'ar Faris ta 8. Likita Marie Rose Moro, wadda ita ma ɗiyar baƙi ce daga Sifaniya, ta ci gaba da irin wannan aiki a Avicenne, kuma a 2008 ta karɓi shugabancin Maison de Solenn, gidan kula da matasa na asibitin Cochin a Faris. A Liyon kuwa, a asibitin Vinatier da ke Bron, akwai cibiyar Orspere-Samdarra mai nazarin lafiyar ƙwaƙwalwar baƙi da horar da ma'aikata yadda za su yi aiki da tafinta.

Yaya zaman yake? Ba a kiran yaro shi kaɗai, sai a gayyato gidan duka, har da duk wanda suka ga dama su zo da shi. A zauna a da'ira, ga tafinta mai jin harshen iyaye, ga masana da yawa 'yan ƙasashe daban-daban. Mai son magana a cikin masanan ba ya jefa ta kai tsaye, sai ta bi ta bakin shugaban zaman, shi ya tace ta ya miƙa. Wanda ya taɓa shiga fadar Asante a Kumashi ya san wannan tsari, inda magana ke bi ta bakin mai magana da yawun sarki domin a rage mata kaifi.

Asalin jinyar iyali daga Amurka ta taso a shekarun 1950, kuma tushenta tunani ɗaya ne: wanda aka nuna da yatsa aka ce shi ne matsala, sau da yawa hayaƙi ne kawai, wutar tana wani wuri. Yaron da ya daina zuwa makaranta wataƙila tsoro yake ji kada ya bar uwarsa ita kaɗai da uba mai fushi. Saboda haka masanin ba ya tambayar wa ya fara. Masanan birnin Milan na Italiya sun fito da wata dabara ta tambaya a kewaye, misali a tambayi ƙanwa: idan Baba da Yaya suna faɗa, me Inna take yi? A nan uba zai ji yadda ake ganinsa ba tare da an tuhume shi ba. Akan kuma zana bishiyar dangi har zuwa kakanni, sai a ga cewa gabar da ake yi yau gado ce, an yi irinta a baya.

To, mu dawo kan tambayarmu. Mu masu karantar da Larabci mun san cewa kalmar shiƙaƙ da ta zo a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i daga tsagewa take, wato kowa ya koma gefensa. Maganin da ayar ta bayar shi ne a tayar da mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata. Ashe shigar na uku tsakanin ma'aurata umarni ne tun asali. Hindu bintu Utba ta kai ƙarar ƙwauron mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah (SAW), bai ce ta tona asiri ba, ya ba ta mafita. Khaulatu bintu Sa'alaba ta kai kukan abin da mijinta ya yi mata, kuma a kanta farkon Suratul Mujadala ya sauka. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai neman fatawa da neman taimako a kawar da ɓarna. Saboda haka abin dubawa shi ne wa aka gaya wa, kuma don me. Wanda ya baza sirrin matarsa a majalisar shan shayi ko a WhatsApp ya ci amana. Wanda ya kai wa amintacce domin a gyara ya nemi magani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani zai ce ai muna da malamai da Sarkin Zango da dattawa, me za mu koya daga Faransa? Gaskiya ne, kuma sun ɗinke gidaje marasa adadi a Nima da Sabon Zango da Aboabo. Sai dai sau da yawa zaman namu na yanke hukunci ne. A ce mace ta yi haƙuri, yaro ya durƙusa ya ba da haƙuri, a shafa fatiha a watse, bayan wata biyu a dawo. Ƙarami bai faɗi abin da ke ransa ba, don haka gyambon yana nan, an dai rufe shi da zane. Abu na biyu shi ne amana. A Faransa likitan da ya fitar da sirrin mara lafiya yana iya fuskantar ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000. Sun kuma sa sulhun iyali cikin dokarsu a 2002, suka ƙirƙiro takardar shaidar ƙwarewa ta mai sulhu a 2003, kuɗin zama kuma gwargwadon samun mutum ne. Mu kuwa sau nawa maganar da aka yi a zaure da daddare take isa kasuwa kafin azahar?

Ba mu ce hanyar tasu ba ta da aibi ba. Masana irin su Didier Fassin sun soki Nathan da cewa yana kulle baƙo cikin al'adarsa, alhali wani lokaci ciwon gidan talauci ne da rashin aiki da rashin takardun zama. Mutum 10 a ɗaki ɗaya za su saɓa ko da duk waliyyai ne. Haka nan sulhu yana da iyaka. A 2020 Faransa ta hana alƙali tura ma'aurata sulhu idan akwai zargin duka, domin wanda ke jin tsoro ba ya iya faɗin gaskiya a gaban wanda yake tsoro. Mu ma kada mu kira zalunci da sunan saɓani, a nan kare mai rauni ne farko. Sannan duk shawarar da ta ci karo da haddin Allah ba mu da buƙatarta, ko daga bakin wa ta fito.

Abin da muke kira gare shi 'yan'uwa shi ne, ƙungiyoyinmu su zaɓi mutane kaɗan masu riƙon sirri, maza da mata, su koyi wannan aiki, kuma wasu daga cikinmu su karanci ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a su haɗa da fiƙihun da suka sani. Idan an zauna sulhu a bar kowa ya ƙare maganarsa, a fara da ƙarami kafin babba ya rufe bakin kowa, kuma a sa ranar dawowa don a ga inda aka kwana. Wannan bai rage wa iyaye girma ba, biyayya gare su tana nan daram, sai dai biyayyar da ta fito daga zuciya ta fi ta tsoro daɗewa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, abin kunya shi ne a bar bango ya tsage har ƙadangare ya sami wurin shiga.

Allah Ya daidaita tsakaninmu da iyayenmu, Ya sanya albarka a gidajenmu, amin.