Lambar Yabo Tana Biyan Bashi?

Tambayar da nake so mu duba ita ce: me ƙasa ta ci bashin mutumin da ta tura fagen fama? Masu shirya silima a Amurka sun yi wannan tambaya tun bayan Yaƙin Duniya na Farko.

A fim ɗin I Am a Fugitive from a Chain Gang na 1932, Paul Muni ya fito a tsohon soja wanda yunwa ta kai shi kantin jingina da lambarsa ta yaƙi. Sai mai kantin ya nuna masa tarin irinta, waɗanda wasu suka riga shi kawowa. A Heroes for Sale na 1933 kuwa, wani ne ya yi jaruntakar, wani ya karɓi lambar. Jarumin na ainihi ya komo gida jikinsa ya saba da mofin, maganin da aka riƙa ba shi don kashe zafin rauni, har abin ya raba shi da aikinsa na banki.

Wannan ba ƙagen 'yan silima ba ne kurum. A 1932 dubban tsofaffin sojoji suka yi sansani a Washington suna neman a biya su ladan da aka ce sai 1945. Gwamnatin Shugaba Hoover ta sa soja, a ƙarƙashin Janar MacArthur, suka tarwatsa su. An ci moriyar ganga ke nan, an ya da kwaurenta.

To, wani zai ce ai soja albashi ya karɓa, ciniki ya ƙare. Amma mai karatu ya lura, albashi kwanakin mutum yake saye. Nawa za a yi wa barcin da ya ƙaurace masa, ko ƙafar da ya baro a Faransa? Abin da ba ya komowa ba a gama biyansa rana ɗaya.

A ganina lambar yabo takardar shaidar bashi ce. Ranar da ƙasa ta rataya wa mutum ita, ta amsa da bakinta cewa ana bin ta. Laifin yana zuwa ne sa'ad da ta ɗauki amsa bashi a matsayin biyansa, ta yi faretinta ta watse. Alkawari kaya ne, wanda kuwa ya ɗauka shi zai sauke.