Bijimin Laka

Da kaka, idan kogin Haɗejiya ya fara janyewa, yakan bar mana baƙar laka mai danƙo a gaɓa. Nan muke wuni muna ƙera shanu. Bijimina har da tozo, ƙahoninsa na ƙayar aduwa. Wata rana na shiga makarantar allo da shi a aljihu. Malam bai doke ni ba. Ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Yaro, gobe ƙiyama in an ce ka hura masa rai, za ka iya?" Kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Tambayar ta dawo mini da na ga abin da ake yi da rairayi a wasu ƙasashe. A Konark ta Indiya ana taruwa duk Disamba a bakin teku ana tayar da siffofi. A Algarve ta Fotugal tun 2003 ake bikin. Har Antalya ta Turkiyya, ƙasar Musulmi, tana da nata. Gwani zai yi makonni yana sassaƙa fuska da cokali da buroshi, ya san sarai rushe ta za a yi.

Ashe malamanmu na Malikiyya sun riga mu zuwa wurin. Mutum-mutumin mai rai, cikakke, mai inuwa, sun haramta shi. Amma da suka zo kan abin da ba ya daɗewa, kamar kwaɓaɓɓen gari ko ɓawon kankana, sai suka saɓa: mafi yawa suka hana, wasu suka sassauta, don da ya bushe zai wargaje. Na daɗe ina tauna wannan saɓanin. Gunki ana yin sa ne don ya dawwama, a durƙusa masa. Mu kuwa mutanen fadama, da muka ga ambaliyar 2022 ta narkar da katangun laka kamar gishiri, wa zai ruɗe mu da dawwamar ƙasa?

Duk da haka, ƙatuwar fuskar mutum ta rairayi ba ta kwanta mini ba. Wasan yara kuwa na sake shi, tunda an ruwaito Nana A'isha tana da dokin wasa mai fiffike, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya.

Bara na tarar da ɗana tsugune a gaɓa, laka har gwiwar hannu. Na ce, "In ruwa ya cinye fa?"

Bai ko ɗago kai ba. "Baba, akwai sauran laka."