Baƙo Mai Neman Aiki Da Ciwon Ganin Fifiko

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya warwatsa arzikin bayinSa a cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya bar garin haihuwarsa ya yi hijira, tare da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda da Maulana Shehu Ahmadu Tijjani, da Shehu Ibrahim Inyass, da sauran waliyyanSa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙauyukan Madawa da Buza da Keita ya san yadda sahun wazifa ke raguwa da zarar an gama girbi. Hatsi na shiga rumbu, samari da magidanta sai su ɗauki jaka su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu su bi ta Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da fako, damina gajera, abin da gona ke bayarwa sau da yawa ba ya kai iyali ga wata daminar. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da tallafin ƙasar Italiya, mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa, domin mazan suna can cin rani. Guminsu kuwa ya bar alama a inda suka je. A Abijan har abincin garin rogo da soyayyen kifi ana kiransa garba, sunan da ake dangantawa da Hausawan Nijar masu sayar da shi.

Amma ba kowa ke dawowa da abin hannu ba. Akwai wanda zai yi watanni yana tsayuwa bakin titi tun asuba, yana jiran motar da za ta zo ɗaukar lebura, a ɗauki wasu a bar shi. Akwai wanda zai kwaɓa siminti har gini ya kai rufi, ranar biya a ce masa ya tafi ko a kira masa 'yan sanda. Idan irin waɗannan suka dawo gida, tambayar da ake yi a majalisa ita ce: shin baƙar fata ce ta jawo masa, ko kuwa wani abu ne daban? Tambaya ce da ta cancanci a amsa ta da adalci, domin Allah Ya hana mumini ya bari ƙin wasu mutane ya sa shi ya ƙi yi musu adalci, kamar yadda ya zo a cikin Suratul Ma'ida.

Abin Da Ba Launin Fata Ba Ne

Adalci ya sa a fara da faɗin cewa ƙofofi da yawa suna rufewa ne saboda wasu dalilai. Na farko takardu. Wanda ya shiga ƙasa ba da biza ba, kuma ba shi da izinin aiki, babban kamfani ba zai ɗauke shi ba, sai ƙaramin ɗan kwangila wanda ya san ba shi da inda zai kai ƙara. Na biyu harshe, domin baƙo ko da ido makaho ne, balle wanda ba ya jin Larabci ko Faransanci. Na uku sana'a. Mai ƙarfi kawai yana da dubban abokan takara a bakin titi ɗaya, alhali mai walda ko makaniki ko tela nemansa ake yi. Na huɗu, 'yan ƙasar su ma suna fama da rashin aiki, kuma yunwa ba ta barin mutum ya ga baƙo da kyakkyawan ido.

Tarihi ma ya nuna cewa korar baƙo ba sai launi ya bambanta ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu wa'adin mako biyu su fita, Hausawan zango da yawa suka bar dukiyarsu. A watan Janairu na 1983 Najeriya ta yi irin wannan, 'yan Gana da 'yan Nijar suka cika iyakoki. A Kwaddibuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1990, siyasar tantance ɗan ƙasa na asali ta sa mai suna irin na arewa ko na Musulmi ya zama abin tuhuma a shingen bincike. Duk waɗannan baƙin mutum ne ya yi wa baƙin mutum.

Abin Da Launin Fata Ne

Haka kuma adalci bai yarda a rufe ido ga abin da ya bayyana ba. A watan Satumba na 2000, a wani gari na Libiya da ake kira Zawiya, suna mai daraja ga kowane muridi, gungun mutane suka far wa baƙaƙen fata ma'aikata, aka kashe da dama. A 2011, lokacin yaƙin da ya kifar da Gaddafi, an riƙa kama baƙin mutum ana cewa sojan haya ne, ba tare da wata shaida ba sai fatarsa. Dubun-dubatar 'yan Nijar suka gudo hannu wofi, kuma da yawansu 'yan jihar Tawa ne. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton da ake cinikin baƙaƙen mutane a Libiya kamar dabbobi a kara. A Aljeriya, inda aka fara maido 'yan Nijar a ayarin motoci tun watan Disamba na 2014, ƙungiyar Amnesty ta bayyana a 2017 cewa ana kame mutane a tituna da wuraren gini bisa launin fata, har da masu takardun zama. Waɗanda ba 'yan Nijar ba akan sauke su cikin hamada, su taka kimanin kilomita 15 kafin su kai Asamaka. A Tunisiya kuwa, bayan jawabin da shugaban ƙasar ya yi kan baƙin haure a watan Fabrairu na 2023, an kori baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da wuraren aiki cikin 'yan kwanaki.

Ma'aunin gane wannan ba shi da wuya. Idan aka kama mutum kafin a tambaye shi takarda, ko aka kira shi bawa alhali an san sunansa, ko aka ba shi rabin ladan wanda suka yi aiki ɗaya, to fatarsa aka duba. Faɗin haka ba giba ba ne, domin Allah Ya yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana zaluncin da aka yi masa. Kuma wannan ba hukunci ba ne a kan al'umma gaba ɗaya. Cikin waɗanda suka dawo akwai masu ba da labarin maigida Balarabe da ya ɓoye su a gidansa lokacin yaƙi, ya biya su haƙƙinsu cif.

Tushen Ciwon

Idan aka haɗa kashin farko da na biyu, za a ga ciwo ɗaya ne yake sauya riga, wani lokaci launi, wani lokaci ƙasa ko ƙabila ko asali. Malaman tasawwufi sun san shi da sunansa, shi ne ganin kai. Iblis bai musa samuwar Allah ba. Abin da ya halaka shi shi ne ya auna asalinsa na wuta da asalin Annabi Adamu na yumɓu, ya yanke wa kansa fifiko. Duk wanda ya raina mutum saboda abin da aka halicce shi da shi, to hujjar Iblis ya ara. Alƙur'ani ya sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah a Suratur Rum, ya kuma bayyana a Suratul Hujurat cewa an yi mutane dangi-dangi ne domin su san juna, mafificinsu kuwa shi ne wanda ya fi taƙawa. Mai raina launi yana raina aya ce daga ayoyin Ubangijinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ciwon nan bai ƙyale salihai ba. Sayyidina Abu Zarrin (RA), da duk zuhudunsa, ya taɓa goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, malamai da dama suka ce Sayyidina Bilalu ne. Manzon Allah (SAW) ya gaya masa cewa har yanzu akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Daga nan aka riƙa ganin Abu Zarrin da mai yi masa hidima sanye da tufafi iri ɗaya. Idan sahabi ya buƙaci wannan gyara, muridin wannan zamani ba shi da dalilin jin ya tsira. Game da haƙƙin ma'aikaci kuwa, ya tabbata a hadisi cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama. Cikinsu akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Leburan da aka kora ranar biya ba shi da lauya a duniya, amma ga wanda ya tsaya masa.

Annabawa Da Shehunai Sun Yi Baƙunci

Mai neman aiki a ƙasar wasu ya samu abin koyi ga Annabi Musa (AS). Ya fita Masar cikin tsoro, ya isa Madyana ba guzuri ba masauki. Abin da ya fara yi shi ne taimakon mata biyu da aka bari a baya wajen rijiya, ya shayar musu da dabbobi bai nemi lada ba, sannan ya koma inuwa ya kai buƙatarsa ga Allah. Aiki ya zo masa ta wannan hanya, kuma abin da aka shaide shi da shi biyu ne, ƙarfi da amana. An kuma yi yarjejeniya a fili tun kafin a fara, shekara takwas ko goma. Sayyidina Abdurrahman bin Auf (RA) da ya isa Madina, Sa'adu bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa. Darasin a bayyane yake: mai tafiya ya tafi da sana'a a hannu, ya nemi takardu gwargwadon iko, ya yanke lada a gaban shaidu kafin ya ɗauki shebur, ya tsare amana ko da an ci tasa.

Maulana Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, shi ma ya bar ƙasarsa saboda matsin mahukuntan Turkawa, ya isa Fas a 1798 yana baƙo. Sarki Maulaya Sulaimanu ya karɓe shi ya ba shi gida, kuma a can ya zauna har wafatinsa a 1815. Shehu Ibrahim Inyass (RTA) kuwa baƙin mutum ne na Senigal, amma malamai Larabawan Muritaniya, masu nasaba da ilimi, suka zo Kaulaha suka durƙusa gabansa suna neman tarbiyya. Ɗariƙar da tarihinta ke ɗauke da waɗannan ba ta bar wa ɗanta uzurin raina baƙo ko launi ba.

Baƙon Da Ke Ƙofar Gida

Hausawa suka ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. A ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga a yankin Sabon Birni na jihar Sakkwato suka koro mutane sama da 11,000 cikin wata ɗaya, mafi yawansu mata da yara, suka sauka a ƙauyukan Bangi na gundumar Madawa. Mutanen ƙauyukan sun buɗe musu gidaje, Allah Ya saka musu da alheri. Amma saukar baƙo a daren farko ta fi sauƙi a kan zama da shi shekara da shekaru. Jarrabawar tana zuwa ne ranar da ɗan gudun hijira ya zo neman ƙwadago a garkar albasa. Mai garka ya san yana cikin matsi, zai karɓi duk abin da aka ba shi. Idan ya rage masa lada saboda haka, to abin da aka yi wa ɗansa a Sabha ko Tamanraset shi ne ya yi, sai dai wurin ya bambanta.

Akwai kuma baƙuncin da ake ɗora wa mutum a garin haihuwarsa. Dokar Nijar ta 2003 ta mayar da bauta laifi, kuma a 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci kan wata mata daga jihar Tawa da aka sayar tana yarinya. Duk da haka ba a daina jin ana tono asalin mutum ba idan ya zo neman aure ko limanci ko filin noma, a ce kakansa bawa ne, ko gidansu maƙera ne ko mahauta. Wanda ke jin zafin kalmar bawa a bakin Balarabe, ya kamata ya ji nauyinta a bakinsa.

A wajen wazifa, idan aka shimfiɗa farin ƙyalle, ba a tambayar wanda ke gefe daga wace ƙasa ya zo ko wane ne kakansa. Attajiri da ɗan dako gwiwa da gwiwa suke zama. Tarbiyyar muridi tana bayyana ne idan aka naɗe ƙyallen aka fita kasuwa. Mai garka ya biya baƙo abin da yake biyan ɗan gari, kuma ya biya a kan lokaci. Mai sana'a ya ɗauki yaro ɗaya daga cikin 'yan gudun hijira ya koya masa. Muƙaddami ya san sunayen almajiransa da suka tafi biɗa, ya haɗa su da zawiyoyin garuruwan da suka nufa, domin baƙon da ke da wanda zai tsaya masa ba a saurin cin haƙƙinsa. Wanda kuma aka koro ya dawo hannu wofi, kada a tarbe shi da gori, a nema masa abin yi. Da irin wannan hali Allah Ya yabi mutanen Madina a Suratul Hashri, cewa suna son wanda ya yi hijira zuwa gare su, suna fifita shi a kan kansu ko da suna cikin buƙata.

Allah Ya tsare matafiya a hamada da birane, Ya buɗa musu ƙofofin halal, Ya fitar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya wanke zukatan ahbabu daga ganin kai, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.