Layin Da Bai Watse Ba

A wata mazaɓa a ƙasar Kano, rijiyar burtsatsen unguwa ta yi damina biyu ba ta ba da ruwa, yara sai sun tsallaka titi da jarka kafin su tafi makaranta. Ana cikin haka jam'iyyar da kusan kowa ke bi a wurin ta sanar cewa za ta fitar da ɗan takarar kansila ta hanyar ƙato bayan ƙato. Mutum biyu suka sayi fom: ɗan wani attajiri mai rumbunan hatsi, da wani matashi mai gyaran famfo wanda ya daɗe yana jagorantar aikin gayya.

Akwai wani tsohon hedimasta a unguwar, ya yi ritaya amma bai daina koyarwa ba. Bayan sallar isha'i yakan tara maza a zaurensa, da hantsi kuma ya je Islamiyya ya zauna da mata. Bai taɓa cewa a bi wane ba. Abin da ya dame shi shi ne mutane su san abin da za su je yi.

Rana ta farko wata dattijuwa mai ƙosai, wadda kowa ke kira Inna, ta ɗaga hannu. "Allah gafarta Malam, mu ai ranar babban zaɓe muke fita. Wannan na 'yan siyasa ne."

Malam ya ce, "Inna, a nan wa ke cin babban zaɓe in ba wanda jam'iyyar nan ta tsayar ba? In kin bari sai ranar, an riga an dafa, ke dai miƙo miki za a yi." Ya tuna musu abin da ya faru a Zamfara a 2019, lokacin da APC ta lashe zaɓe, amma Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi zaɓen fidda gwani na halal ba, ta rushe nasarar daga gwamna har 'yan majalisa, kusan duka kujerun suka koma hannun PDP. Ya ƙara da cewa a watan Yuli na 2024 kotun nan ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ashe kuwa wanda zai zauna a majalisar ƙaramar hukuma ba abin wasa ba ne.

Sannan ya tambaye su katinsu. Mata suka kwance bakin zani, suka fito da katin zaɓe na INEC. Malam ya girgiza kai. Ya ce wannan na babban zaɓe ne. Ranar fidda gwani katin jam'iyya ake dubawa, kuma sai sunan mutum yana cikin rajistar mazaɓa. Washegari ya raka su wurin sakataren mazaɓa, aka buɗe littafin, yana bin layi da ɗan yatsa. Sunan Inna babu, haka na mata da yawa da suka yi shekaru suna cika taro da guɗa. Ba su bar wurin ba sai da aka rubuta su.

Ranar Asabar ya kai su filin firamare suka yi gwaji. Ya tsayar da yara biyu a matsayin 'yan takara, aka ja layi, aka ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Da aka gama mutane suka fara watsewa, sai ya daka musu tsawa irin ta aji. Ya ce tsayuwa a layi rabin aiki ne. Sai an rubuta adadin a takardar sakamako a gabansu, wakilin kowane ɗan takara ya sa hannu ya karɓi tasa.

Da daddare Inna ta same shi shi kaɗai. Ta ce waken da take ƙosai da shi, bashi attajirin nan ke ba ta, sai ta sayar ta biya. A layi kuma babu ɓoyo, kowa zai ga bayan wanda ta tsaya. Wannan shi ne nauyin ƙato bayan ƙato tun zamanin tsarin zaɓen A4 na mulkin Babangida: yana hana aringizon ƙuri'a, amma yana tona talaka a gaban mai ba shi bashi. Malam bai yi mata alkawarin ƙarya ba. Ya ce, "Ba zan ce ba abin da zai faru ba, Inna. Ke za ki auna."

Ranar zaɓe rana ta take. Inna ta tsaya a gefe har layuka suka miƙe, tana kallon jikarta da ta dawo daga ɗiban ruwa, gammo a ka, gefen rigarta sharkaf. Sai ta gyara mayafi ta taka zuwa bayan mai gyaran famfo. Matan Islamiyya suka bi ta.

Aka ƙirga, layinsu ya ɗara da kaɗan. Nan take aka ji ana raba taliya da sabulu a bayan makaranta, layi ya fara motsi. Jami'in da jam'iyya ta turo ya naɗe takardarsa ba komai a kai, ya ce zafi ya yi yawa, a sakatariya zai cike. Inna ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa daidai gaban motarsa ta zauna. Ta ce, "Ɗana, zo ka rubuta a nan, mu ma zafin muke ji." Mata suka zazzauna kewaye da ita. Jami'in ya dubi Malam, ya dubi taron, ya ɗora takardar a kan motar ya rubuta, wakilai suka sa hannu.

Bayan kwana biyu yaron attajiri ya zo ya ce daga yau babu bashin wake. Inna ta yi kwana uku ba ta ɗora kasko ba. A rana ta huɗu uwar adashin unguwa ta aiko mata da kwasar watan, ta ce matan sun yarda a ba ta kafin lokacinta. Jikanta ya hau mota zuwa kasuwar Dawanau ya auno mata wake da kuɗi hannu, da asuba kuma aka ci gaba da layin ƙosai a ƙofar gidanta.