Nasihar Juma'a: Buhun Wake Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da bayinSa a gida da baƙunta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan wake take. Kada wani ya ce, wake kuma a takardar masallaci? Ai da yawanmu nan Sabo da kasuwar Bodija da shi muke ci, da shi muke biyan haya da kuɗin makarantar yara. Hanyar da mutum ke neman abincinsa kuwa, za a tambaye shi a kanta ranar gobe ƙiyama.

Kowa ya san ciwon wake, wato ƙwaro. Tun daga gona yake shigowa, in buhu ya yi 'yan watanni a ajiye sai ka buɗe ka tarar da huji da gari. Tsoron wannan ne ke sa manomi can gida ya kai wakensa kasuwa da kaka, lokacin da ya fi araha, in damina ta faɗi kuma ya dawo ya saye shi da tsada. Wannan ƙofa ce babba ta talauci. Shi kuma ɗan kasuwa, don gudun asara, sai wani ya ɗauko fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ya zazzaga cikin abincin mutane. Gaskiya ɗaci gare ta, amma dole a faɗe ta: ana yi. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. To su sun auna sun ƙi. Mai ƙosai a bakin titi fa, da yaran da za su karya da shi, wa zai auna musu?

Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, ya kuma yi masa kashedi mai tsanani a kan algus. Danshi ke nan fa, ruwan sama. Ina ga guba?

Allah bai bar mu babu mafita ba. A Suratu Yusuf mun ga yadda Annabi Yusufu (AS) ya ba mutanen Masar shawarar su bar hatsi cikin zangarniyarsa don ya jure ajiya, da haka suka tsallake shekaru bakwai na yunwa. Kun ga sanin dabarar ajiya ilimi ne mai amfani, kuma aiki da shi bai saɓa wa tawakkali ba.

A zamaninmu, malaman Jami'ar Purdue ta Amurka sun yi shekaru suna bincike tare da masana da manoman arewacin Kamaru, har aka kai ga buhun da ake kira PICS. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashen Yammaci da Tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar. A Najeriya, da cibiyar binciken noma ta IITA aka yi aikin, wadda hedikwatarta ke nan Ibadan tun 1967. Buhun mai ciki uku ne: leda biyu masu kauri, da buhun saƙa a waje. In an zuba busasshen wake mai tsabta, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda ita kaɗai, ƙwarin kan shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Babu magani ko ɗigo. Sharaɗin shi ne kada leda ta huje, a nesanta shi da ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa.

Abin lura shi ne yadda aka yi aikin. Ba a bar ilimin cikin littafi ba. Malaman gona sun bi ƙauyuka, manomi ya kawo wakensa, aka ɗaure a gaban jama'a, bayan watanni aka sake taruwa aka kwance kowa na kallo. Gani ya kori ji. Masu ilimi sun sauko, jama'a kuma sun ba da haɗin kai.

To mu fa? Jami'ar Ibadan tun 1948 take garin nan, tana da tsangayar aikin gona, kuma daga Bodija zuwa ƙofarta ba wata tafiya ba ce. Kullum muna wuce ta da lodi. Sau nawa muka shiga da tambaya? Matambayi ai ba ya ɓata. Don haka muna kira da abu uku.

Na ɗaya, shugabannin 'yan hatsi su zauna da 'ya'yanmu masu karatu a jami'a, a rubuta takarda a nemi malaman gona su zo su nuna mana aikin a cikin kasuwa, da wakenmu.

Na biyu, Alhazai masu hali su sayi buhunan da yawa, su ba ƙananan 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu ƙosai da alale, ko bashi ko sadaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, duk mai zuwa gida da kaka ya tafi da ko buhu biyu ne, ya koya wa danginsa ɗaurin.

Sai gargaɗi guda. Ajiya daban, ɓoye abinci daban. Wanda ya kulle rumbu mutane na cikin yunwa yana jiran farashi ya hau, shari'a ta yi tir da shi, ko da wane irin buhu ya yi ajiyar.

Mu baƙi ne a garin mutane, jarinmu na gaskiya shi ne yarda. Ranar da aka ce waken Bahaushe na kwantar da mutane a asibiti, mai laifi da marar laifi duk sun shiga uku.

Allah Ya tsarkake mana nemanmu, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya yaye mana talauci, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.