Ƙanƙara Mai Zaƙi: So Ne Ko Cuta?

Jama'a, da zarar zafi ya shigo Lozells, motar askirim ta kaɗa ƙararrawa, sai yaranmu su fito a guje, mu iyaye hannu na aljihu. Muna cewa so ne. To, mene ne cikin ƙanƙarar nan mai launi? Ruwa ne da sukari da rini. Ba ta gina jiki. Hukumar lafiya ta NHS ta ce ɗan shekara 7 zuwa 10 kada ya wuce giram 24 na sukari a yini, wato ƙwaya 6, ga shi shayin safe ya riga ya ci nasa rabo. A Ingila kuwa ruɓar haƙori ce kan gaba wajen kwantar da 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti.

Ba mu ce a haramta ba. Mu ma mun sha alewa muna yara, amma sai ranar kasuwa ko Sallah. Wanda ke saye kullum don yaro ya daina kuka, kansa ya hutar, yaron ne zai zauna gaban likitan haƙori. Mu dai a gidajenmu ranar Juma'a ce, guda ɗaya, bayan an ci tuwo.