Ranar da Ka Wayi Gari Ba Ɗaki, Ba Ko Sisi

Ɗana, da kai nake, kai da ka sauka a tashar Funtuwa ko ta Malumfashi da rigar da ke wuyanka kaɗai, iyali na bayanka, rumbu ya zama toka. Ba kai ne farau ba. Tun kafin harin da 'yan bindiga suka kai Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yunin 2020, mutanen Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara suke kwararowa haka, waɗansu su kwana a azuzuwan firamare, waɗansu a kangon da ba a gama rufawa ba. Da yawansu magidanta ne da a bara suka fitar da zakkar masara buhu-buhu.

Na fi jiye maka kunya a kan yunwa. Yunwa tana tura mutum nema, kunya kuwa tana zaunar da shi a lungu har ƙarfinsa ya ƙare. Ran da ka iso, kafin magariba, ka nemi mai unguwa ka gaishe shi, ka faɗa masa sunanka da na mahaifinka da garinku da dagacinku. Daga nan ka yi salla a masallacin unguwar, ka tsaya bayan an sallame, ka yi wa liman bayani. Kada ka raina wannan. A irin lokacin da muke ciki, baƙon da ba a san asalinsa ba zargi ake bin sa da shi, wani ma a ce ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Wanda mai unguwa ya shaida shi ne ake ara wa zaure, kuma sunansa ne ke shiga takarda in hukumar agajin gaggawa ta jiha ta zo rabo. Amma kada ka zauna jiranta, don ba ta da ranar zuwa.

Ka tuna Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi. Ya isa Madina hannu rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya sa masa albarka ya ce a nuna masa kasuwa. Da ɗan cuku da man shanu ya fara. Kai ma ƙasar nan ba ta rasa abin da hannu zai yi. Da damina akwai ƙwadagon noma da zuba taki. Da kaka akwai karyar masara, da yankan waken suya, da cirar auduga, mata kuma su yi sussuka da shiƙa a biya su da kwano, su haɗa da kala. Ranar kasuwar Dandume ko Bakori ana neman mai dako da mai ɗinkin buhu. Rani ya yi, ka nufi fadamun Ɗanja wajen masu tumatir da rake, ko bakin madatsar Mairuwa. Na san yana da ciwo mai gandu ya koma ɗan ƙwadago, na ga dattijon da ya karɓi ladan yini hawaye na zubo masa. Ka karɓa. In an ba ka zaɓi, ka ɗauki hatsi a kan kuɗi, domin kuɗi a hannun mai yunwa ba ya kwana.

Zakka kuwa haƙƙinka ce. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci faƙiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma noman damina kashi ɗaya cikin goma ake fitarwa in ya kai nisabi. Ka bari liman ya san halinka tun kafin a ɗaure buhuna.

Yanzu ka kasa kunne da kyau. Za a zo maka da tayin sayen gonarka ta gida a wulaƙance, a ce ai ba mai komawa. Kada ka sayar cikin firgici. In tura ta kai bango, ka ba da jingina a gaban shaidu, a rubuta. Ka kuma yi nesa da bashin ba-da-kaka tunda ba ka san inda kakar za ta same ka ba. Gara ka nemi aron ɗan fegi, ko na kwano biyu ne, ka jefa wake.

'Ya'yanka mata kada su kai dare a talla, komai tsananin da ake ciki. Mazan ka haɗa su da malamin allo na unguwar tun makon farko, ka kuma kai su firamare ko ba su da rigar makaranta, ka roƙi shugaban makarantar. Kuɗin farko da ya shigo bayan na abinci, ka sayi gidan sauro. In hunturu ya gabato, ka toshe tagogin kangon da buhu da kara, sanyin Funtuwa ba ya tausayin jariri. Layin wayarka kuma ka riƙe shi da rai, ko da cajin naira ɗari ne, don ta nan ɗan'uwanka da ya ɓace muku daren gudu zai neme ku.